Teku na cin gida a Kwatano, kori na cin gona a Imanan: me ke tare mana ruwa?

Jawabin da aka gabatar a zaman matasa na Ranar Dausayi ta Duniya, 2 ga Fabrairu



Da aka ce yau za a taɓo maganar teku, na san akwai wanda ya ce a ransa: "Yo mu da muke Nijar, ina ruwanmu da teku?" Kuma yana da hujja. Daga Filinge zuwa bakin teku mafi kusa, tafiyar mota ta haura kilomita dubu. Da yawa cikinmu ba mu taɓa ganinsa ba sai a waya. To amma ku ba ni aron kunnuwanku. Ina so mu je bakin tekun nan mu ga abin da ke kare mutanen can daga ruwa, sa'an nan mu dawo gida, Dallol Boso da ƙasar Imanan da Kurfai, mu duba ko mu ma muna da irinsa, kuma a wane hali yake.

Bari mu fara da tekun kansa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsakanin 1901 da 2018 ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 20. Dalili biyu ne manya. Ruwa idan ya yi zafi kumbura yake yi, kuma ƙanƙarar da ke jibge a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, da wadda ke bisa manyan duwatsu, tana narkewa tana gangarowa cikinsa. A farkon wancan ƙarni ƙaruwar ba ta kai milimita 2 a shekara ba. Tsakanin 2006 da 2018 ta kai kusan milimita 4. Wato gudun ma ƙaruwa yake yi.

Wani zai ce santimita 20 ai tsawon tafin hannu ne kawai. Haka ne. Amma ka zuba ruwa mai zurfin tafin hannu a shimfiɗaɗɗen fili ka ga inda zai kai. Gaɓar Afirka ta Yamma mafi yawanta haka take, yashi ne kwance da tafkuna a bayansa. Kuma ranar da aka yi iska mai ƙarfi, igiyar ruwa daga kan wannan ƙarin take tashi. Sai gishiri ya shiga rijiyoyi, ya shiga gonakin shinkafa, gidan da yake nesa da ruwa jiya ya wayi gari shi ne na bakin gaɓa. Bankin Duniya ya lissafa cewa a 2017 kaɗai, zaizayar gaɓa da ambaliya da gurɓatar muhalli sun ja wa Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal asarar dala biliyan 3.8, fiye da kashi 5 cikin 100 na arzikin da suka samar a shekarar.

Su wa ke zaune a can? Har da mu. Tun zamanin kakanni, Kurfayawa da Zabarmawa da Buzaye ke tafiya cin rani gaɓar teku. Je ka Zangon Kwatano, ko na Lome, ko Nima a Akara, ko Agege a Legas, ka yi sallama da Hausa ka ji amsa. Kuɗin da ake aikowa gida a sayi hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, da yawansu daga can suke fitowa. Shinkafar da muke ci, da magani, da babur, da wayar da ke hannunka, ta tashar jirgin ruwa suka shigo. Man da ake haƙowa a Agadem ma, bututu ne ke kai shi har Seme a gaɓar Benin. Saboda haka ranar da teku ya girgiza Kwatano ko Lome, za mu ji a kasuwar Baleyara.

To me ke tsayawa tsakanin teku da mutane? A wurare da dama wani irin kurmi ne da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, inda kogi ke haɗuwa da teku. Turawa na ce masa mangurob. Kar ku rikita shi da mangwaro, ba su haɗa komai ba. Wannan itace saiwoyinsa a waje suke, sun sarƙe kamar yatsu sun kama laka. Najeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka yawansa, a can Neja Delta, inda wannan kogin Kwara da ya ratsa Tilaberi da Yamai yake ƙare tafiyarsa ta kilomita sama da 4,000. Akwai shi a Gini, da Gini Bisau, da Gambiya, da Senegal.

Aikinsa ga shi. Idan igiyar ruwa ta taso da ƙarfi, sai ta shiga cikin saiwoyi da rassa, ƙarfinta ya karye kafin ta kai gari. Masu bincike sun auna, sun ga kurmi mai faɗin mita 100 na iya rage tsawon igiya sosai, wani wurin har fiye da rabi. Sa'an nan saiwoyin na tare laka da yashin da kogi ya kwaso, su kwanta a gindinsa, ƙasar wurin ta riƙa tashi sannu a hankali. Katangar siminti daga ranar da aka gama ta take fara tsufa, shi kuwa kurmi idan aka ƙyale shi yana gyara kansa yana ƙara tudu. A cikinsa ƙananan kifaye da jatan lande ke girma kafin su fita teku, a saiwoyinsa mata ke ciro kawa, a furensa ƙudan zuma ke kiwo. Kuma lakar da ke ƙarƙashinsa tana riƙe da iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, ninkin abin da dajin tudu mai girmansa ke riƙewa.

Ga misalin da ya shafi rai. A watan Oktoba na 1999 wata babbar guguwa ta faɗa wa jihar Odisha ta Indiya, ta kashe mutum kusan 10,000. Daga baya masu bincike suka bi ƙauyuka sama da 400 a gundumar Kendrapara. Suka tarar ƙauyukan da kurmi mai faɗi ya raba su da teku sun fi ƙarancin mace-mace a kan waɗanda aka sare nasu aka yi gonaki. Guguwa ɗaya ce, dare ɗaya ne, bambancin itace ne.

Ga kuma misalin abin da gaggawa ke jawowa, daga nan kusa, birnin Sen Luwi na Senegal. Tsakanin kogin Senegal da teku akwai wani dogon tsiri na yashi da ke kare garin. A watan Oktoba na 2003 kogi ya cika, ana tsoron ambaliya, sai hukuma ta sa aka yanka tsirin, aka buɗe hanya mai faɗin mita 4 don ruwa ya fice. Ruwa ya fice, gari ya tsira a shekarar. Amma teku ya samu ƙofa. Cikin 'yan shekaru mita 4 ta zama kilomitoci, gishiri ya kashe lambuna, ƙauyen Dun Baba Jey ya tashi gaba ɗaya, masunta da dama sun halaka a wannan mashigi. A Gana kuma, bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, yashin da kogin Bolta ke kai wa gaɓa ya ragu, wannan na cikin abubuwan da suka ƙara wa teku ƙarfin cin garin Keta. Abin da aka taɓa can sama, na ƙasa ne ya biya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kar in yi muku daɗin baki: kurmi ba ya hana teku tashi. Idan tashin ya fi ƙarfin lakar da yake tarawa, ko aka gina gidaje a bayansa har ya rasa inda zai ja da baya, shi ma nutsewa zai yi. Akwai wuraren da dole sai an haɗa da katanga, akwai waɗanda dole mutane su tashi. Amma yana sayen lokaci, yana rage ɓarna, kuma yana ciyar da mutane yayin da yake gadinsu.

Yanzu mu juyo gida. Wanda ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Filinge ya san yadda ƙasar take. Ka wuce Baleyara, ka shiga Imanan, ka iso Bonkuku: kwari ne mai faɗi, yashi fari, gawo da goriba, hagu da dama kuma ga tuddai masu jan dutse sun tsaya kamar ganuwa. Wannan kwarin shi ne Dallol Boso. Tsohon kogi ne da ya taɓa gudu daga Azawak, ya bi ta Filinge da Birnin Gaure, ya faɗa Kwara wajen Bumba, dubban shekaru da suka wuce lokacin da Sahara ke da ruwa. Kogin ya ƙafe a sama, amma ruwan na nan kwance a ƙarƙashin yashi, a wurare da yawa 'yan mitoci kaɗan. Shi ya sa ake haƙa rijiya da hannu. Shi ya sa noman rani, wanda aka ƙarfafa a ƙasar nan bayan farin 1984, ya kama sosai a wurin, har sunan Bonkuku ya tafi tare da dankalin turawa a kasuwannin Yamai. A 2004 an sa Dallol Boso cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wadda saboda ita ake wannan rana ta yau. Wato a idon duniya, kwarinmu da kurmin bakin tekun Senegal 'yan gida ɗaya ne.

Mu namu ruwan daga sama yake zuwa, cikin wata uku ko huɗu, wani lokaci na mako biyu ya sauka cikin awa biyu. Me ke tare shi? Dajin da ke bisa tuddan nan. Idan ka kalle shi daga jirgi ko a hoton tauraron ɗan'adam, jere-jere yake: layin itace, layin fako, layin itace, layin fako. Geza ce da sabara da taramniya da danginsu. Ruwan da ya sauka a fako ya gangaro, layin itace ya tare shi, ganyen da ya ruɓe da ramukan gara su shanye shi. Wanda ya tsere, layi na gaba ya kama shi. Kafin ya kai gangare ƙarfinsa ya mutu. Aikin da kurmi ke yi wa igiyar teku, shi geza da sabara ke yi wa ruwan sama. A cikin kwarin kuma gawo na riƙe ƙasa, ya zubar da ganye da damina don kar ya shaƙe hatsi, ya ba dabbobi 'ya'ya da rani. Goriba ta ba da kaba, mata su saƙa tabarma da igiya da faifai. Tafkuna su karɓi rarar ruwa, su shayar da garke, su mayar da saura ƙarƙashin ƙasa.

To me ya faru da aka sare? A nan akwai wani abin mamaki da masana daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da abokan aikinsu na Faransa suka gano a yankin da ke gabas da Yamai, tsakanin kogi da Dallol Boso. Duk da farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980, ruwan rijiyoyin yankin tashi ya yi ta yi, kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Ruwan sama ya ragu, na ƙasa ya ƙaru. Ta yaya? Hotunan jirgi na 1950 da na 1992 sun nuna an share mafi yawan dajin, an mai da shi gona ko an kwashe itacen. Ƙasa ta yi ɓawo, ta daina shan ruwa. Ruwan da dā itace ke sha a inda ya sauka, yanzu gudu yake yi, ya haƙa kori, ya taru a tafkunan kwari, daga nan ya nutse.

Wani zai ce to ai alheri ne, rijiya ta cika. Ta wani ɓangare haka ne, mai lambu ya samu ruwa kusa. Amma ku lissafa kuɗin da aka biya. Ƙasar noman da ke kan tudu ta tafi, saura tsakuwa. Korin da yaro ke tsallakewa ya zama kwazazzabon da ke raba gona biyu, ya yanke hanya, ya ci maƙabarta. Yashin da ya kwaso ya binne lambu, ya cike tafki. Inda ruwan ƙasa ya matso fuska sosai, rana na jan shi sama, ya bar kanwa fari fat a gona, kamar yadda gishirin teku ke yi wa shinkafar Kazamans. Gidan laka kuma idan gindinsa ya sha ruwa, kun san ƙarshensa.

Kuma maganar ba ta tsaya a ƙauye ba. A watan Satumba na 2020 ma'aunin kogi a Yamai ya kai mita 7, abin da ba a taɓa rubutawa ba. Madatsa ta karye, ruwa ya shiga Lamorde da Saga da Kirkisoy. Masu nazarin kogin sun daɗe suna faɗin cewa jan ruwan nan da ke zuwa da damina, daga rafukan Sirba da Dargol da Goruwal yake fitowa, kuma ƙarfinsa na ƙaruwa ne domin ƙasar da suke ratsawa ta zama fako. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi sama da miliyan ɗaya, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, har sai da aka ɗaga komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba domin azuzuwa cike suke da waɗanda suka rasa gidaje. Sauyin yanayi na sa ruwa ya riƙa zuwa da ƙarfi a lokaci guda, wannan gaskiya ne, kuma ba mu muka cika sama da hayaƙi ba. Amma irin ƙasar da ruwan zai tarar in ya sauko, wannan a hannunmu take.

Yanzu tambayar da ba a so: itacen nan ina ya tafi? Abu ne mai sauƙi mu zauna a fada muna shan shayi mu ce mutanen ƙauye sun gama da daji. Amma da me aka dafa shayin? Gawayi. Da me aka gasa naman da muka saya jiya da dare? Da me aka dafa tuwon gida, da burodin safe? Fiye da gida tara cikin goma a Nijar da itace ko gawayi suke girki. Motocin da muke gani da asuba suna shigowa Yamai, an yi musu lodi har sun karkace, ai ba ƙauye suke kai wa ba. Mutumin da ya sare geza ya samu 'yan dalolin da ba su kai shi mako ba. Mai mota ya samu nasa, dillali ya samu nasa, mu mun samu wuta mai araha. Ranar da kori ya zo, gonar wa zai ci? Ta wanda ya fi kowa samun kaɗan. Haka yake a gaɓar teku: mai kuɗi ya sare kurmi ya yi otal ko tafkin kiwon jatan lande, ranar guguwa bukkar masunci ce ke tafiya.

Kuma kar mu ɗora wa talaka laifin yunwarsa. Jahar Tilaberi na cikin halin da kowa ya sani. Wanda rashin tsaro ya kora daga garinsu, ba gona ba garke, in bai sari itace ya sayar ba me zai ba 'ya'yansa? Wanda hatsinsa ya ƙare tun watan uku bayan girbi fa? Duk shirin kare daji da bai amsa wannan tambaya ba, takarda ce kawai.

A cikin birni ma muna da namu kurmin da muka ci. Tun 1965 aka fara dasa zoben itatuwa kewaye da Yamai, akasari dogon yaro, hekta sama da 2,000, don ya tare iska da ƙura. Ku je ku gani yau, nawa ya rage, nawa aka yanka fuloti. Kwarin Guntu Yena, hanyar ruwa ce tun kafin a haife mu, an gina a bakinsa, an mai da cikinsa juji. A Kano ma haka aka yi ta cike kududdufai ana gini. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ni kuma in ƙara, ba ya manta hanyarsa.

To me ke aiki? Domin ban zo in sa ku kuka ba.

Abu na farko da gaɓar teku ta koya mana: dashe ba shi ne gaba ba, tsare wanda ke akwai shi ne gaba. Bayan igiyar tsunami ta 2004, an kashe kuɗi masu yawa ana dasa kurmi a Siri Lanka. Da aka koma dubawa bayan shekaru, mafi yawan wuraren dashen bai rayu ba, domin an dasa inda bai dace ba, kuma ba wanda aka bar wa amanar kula. Ba ku ji kamar labarinmu ba? Tun 1975, zamanin Janar Seyni Kunce, wanda shi ma ɗan Fandu ne a nan ƙasar Filinge, kowace 3 ga Agusta muke dasa itace. Al'ada ce mai kyau. Amma da a ce rabin abin da aka dasa ya rayu, da yanzu a inuwa muke tafiya daga Yamai har Abala. Ana dasawa, a ɗauki hoto, a watse, akuya ta zo ta rufe taro.

Abu na biyu: mutum na tsare abin da ya san nasa ne. A Gambiya, matan da ke ciro kawa a dausayin Tanbi kusa da Banjul sun haɗa ƙungiya mai suna TRY a 2007. A 2012 gwamnati ta ba su haƙƙin kamun kawa a wurin, su kaɗai. Da suka tabbata nasu ne, su da kansu suka sa dokar rufe kamu na watanni a kowace shekara, suka hana sare saiwa, suka shiga dashe. A Kazamans da Salum na Senegal, tun daga 2006 mutanen ƙauyuka tare da ƙungiyar Oceanium suka dasa miliyoyin kurmi da hannunsu, domin sun ga shinkafarsu da kifinsu na tafiya.

Mu ma muna da namu, kuma ya fi nasu girma. A farkon shekarun 1980 a jahar Maradi, manoma tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo suka lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na da rai. Maimakon a sassabe tohon duka a ƙone kamar yadda aka saba, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, a gyara su, a bar su su girma. Shi ne ake kira sassaben zamani. Ba gandun reno, ba ban ruwa, ba mota. Abin ya bazu daga gona zuwa gona, musamman da manomi ya fara sakin jiki cewa itacen da ya rena ba za a ci shi tara a kansa ba. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, an ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Maradi da Damagaram, itace kusan miliyan 200. Daga ƙasashe da dama ake zuwa koyo. A 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ke tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Manoma nawa ne a Imanan da Kurfai suka san da ita? A kan fako kuma, an san aikin rabin wata da tassa da jeren duwatsu, an ga abin da suka yi a Keita da sauran ƙasar Adar. Ilimin na nan, a cikin ƙasar nan, da harshenmu.

Saura mu. Me ɗan birni mai waya da ɗan karatu zai iya?

Mu fara daga murhu. Tun 2011 matatar Damagaram ke fitar da gas na girki. Gidan da ke da hali ya koma gas. Wanda ba shi da hali, murhu mai tsimin itace ma ragi ne. Kuma mu matsa wa hukuma lamba kan farashin tukunyar gas da samuwarta a unguwannin talakawa da garuruwa irin su Filinge da Baleyara, domin uwar gida ba za ta bar itace ba sai ta ga abin da ya fi shi sauƙi.

Sa'an nan mu zama masu kai labari. Dokar gandun daji ta 2004 da dokar sassaben zamani ta 2020 da Faransanci aka rubuta su. Cikinmu akwai masu Hausa, da Zabarmanci, da Tamashek, da Fulatanci. A fassara su a taƙaice, a yi saƙon murya, a tura a WhatsApp, a kai gidajen rediyon karkara. Manomin da ya san haƙƙinsa ba a tsorata shi da takarda.

Mu riƙa tambaya kuma. Kowace ƙaramar hukuma na da tsarin raya ƙasa da kasafin kuɗi. Me aka ware wa gyaran fako da toshe kori? Harajin da ake karɓa kan itacen da ke fita daga daji, kason da ya kamata ya koma wa dajin yana komawa? Fulotin da ake yankawa, a kan hanyar ruwa yake ko a'a? Wa ya sa hannu? Wannan ba rashin kunya ba ne, haƙƙin ɗan ƙasa ne, a yi shi da ladabi da hujja. Wayar hannunka na iya nuna maka hoton garinku na shekarun baya da na bana. Ɗauki hoton korin garinku kafin damina da bayanta, ka auna da taku, ka rubuta. Ranar da za ka tsaya gaban magajin gari ko hakimi, ka zo da abin nunawa.

In za mu dasa itace bana, mu dasa kaɗan, irin na ƙasar, kowane da sunan mai kula da shi da shingensa. A dawo a ƙirga a watan Mayu, lokacin da zafi ya kai zafi. Wanda ya rayu a Mayu shi ne aka dasa.

Na ƙarshe, idan kun je gida hutu, ku zauna da tsofaffi. Ku tambaye su ina tafkin kaza yake dā, ina burtali ya bi, wane itace ne ba a sarewa kuma don me. Ku sa makiyaya cikin zancen, domin tudun da manomi ke gani fako, shi ne makiyayar Bafulatani da Buzu da damina, kuma gyaran da aka yi ba da su ba rigima yake haifarwa. Mata su ma su zauna a gaba, su ke tafiyar neman itace, su suka fi kowa sanin nisan da daji ya yi.

'Yan'uwa, masuncin Sen Luwi da mai lambun Bonkuku ba su san juna ba, amma abu guda ke hana su barci idan hadari ya haɗu. Shi yana da kurminsa, mu muna da gezarmu da gawonmu da tafkunanmu. Watanni huɗu suka rage damina ta kankama. Kowa ya fita daga nan da sunan kori ɗaya, ko tafki ɗaya, ko tudu ɗaya da zai bi kadinsa, kuma mu haɗu bayan girbi kowa ya faɗi abin da ya tarar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.